Suga ya cinye idon Baba, yanzu ya taba na Yaya, nima haka zan kare?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ni dan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a Mile 12, ina zaune Agege, shekarata 44. Mahaifinmu Allah ya jikansa yana da ciwon suga, shekara hudu kafin ya rasu baya gani sam. Yanzu yayana da nake bi shima suga ya taba mai ido har allura ake mai a cikin idon. Ni kuma shekara uku kenan da aka ce ina da shi. Ina gani garau, gwajin HbA1c dina na karshe, wato na sugan wata uku, 6.8 ne, amma na'urar gida da safe kafin in karya 180 zuwa 200 take nuna min. Shin makantar nan gado ce? Akwai gwajin jinin da zai nuna ko na gaji abin?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jikan Baba ya sa Aljanna ce makoma, Yaya kuma Allah ya bashi lafiya.

Eh, akwai gado a ciki, ba zan boye maka ba. Amma ba irin gadon sikila bane da za a dauki jininka a ce kai AA ne ko AS a rubuta a takarda shikenan. Kuma a duk tambayar nan taka abinda ya fi tsaya min a rai ba ma maganar Baba bace, wannan 6.8 din ne da bai yi daidai da 200 din safe ba, zan zo kansa, don a nan ne wani gadon da baka ma tambaya ba yake iya boyewa.

Bari in fara gaya maka abinda nake gani in na diga wa mutum magani dan bakin idonsa ya bude na haska ciki. Can a bayan ido akwai wata siririyar fata da ake kira ratina, ita ce ke daukar hoto ta mika wa kwakwalwa, kuma cike take da kananan jijiyoyin jini da suka fi gashin kai siranta. Suga in ya dade yana hawa sai ya raunana bangon jijiyoyin nan. Farko sai ka ga 'yan jajayen digo-digo kamar an yayyafa barkono, daga nan sai jini ya fara dan tsattsafowa, kitse ya fito ya zauna rawaya-rawaya. Duk da wannan, mutum yana gani garau, yana kirga kudinsa yana tuka motarsa. In ruwa ya taru a tsakiyar ratina, wurin da kake karatu da gane fuska da shi, a nan gani ke fara dishi-dishi. In kuma jijiyoyin suka toshe, ratina ta rasa isasshen jini, sai ta rika fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, kamar kururuwa ce take a kawo mata sabbin jijiyoyi, sabbin kuwa in sun tsiro ragwaye ne, da kansu suke fashewa, mutum ya kwanta lafiya ya tashi ya ga kamar an zuba mai hayaki a ido. Allurar da ake wa Yaya, ko Avastin ce ko Lucentis ko Eylea, aikinta kenan, toshe VEGF din nan.

To ina gado ya shigo? Duk likitan ido da ya dade yana duba masu suga ya ga abinda ke daure kai. Akwai wani dattijo mai shayi da ke zuwa wajena daga Obalende, shekararsa kusan ashirin da suga, kuma tsakani da Allah ba wani kiyayewa yake ba, in na yi mai fada dariya yake ya ce likita mai shayi ai sai ya dandana. Bayan idonsa 'yan digo biyu uku ne kawai. A rana daya kuma sai ga wani malamin makaranta da ke zuwa da littafin da yake rubuta sugansa kullum safe da yamma, shekara tara kacal, amma har an kai ga yi mai lesa, wato aikin ido da ake yi da haske mai karfi, a ido biyun. Ba ina cewa ka kwaikwayi mai shayi bane, irinsu 'yan kadan ne, amma dai hakan na nuna maka jiki ya bambanta.

Masana sun dade suna bin wannan. Tun 1982 wasu likitoci a Landan, Leslie da Pyke, suka duba tagwaye masu kama daya wadanda duka biyun ke da suga. A masu nau'i na biyu, wato irin naka da ya fi kama manya, cikin tagwaye 37, guda 35 matakin lalacewar idonsu iri daya ne da na dan'uwansu. Sai babban binciken nan na Amurka da Kanada da ake kira DCCT, wanda ya bi mutum 1,441 masu nau'i na daya, wato wanda ya fi farawa tun yarinta, daga 1983 zuwa 1993. Da suka waiwayi 'yan uwan mutanen nan wadanda suma ke da suga, sai suka ga in dan'uwanka na jini abin ya yi mai tsanani a ido, kai ma hadarin ya yi maka tsanani ya ninka kusan sau uku. A Chennai ta kudancin Indiya ma kusan ninki ukun aka samu tsakanin 'yan uwa masu nau'i na biyu. Ka lura da kalmar tsanani. 'Yan digo-digon nan na farko yawancin wanda ya dade da suga zai same su, gidansu akwai ko babu. Abinda ya fi bin jini shine a wa abin zai tsaya nan, a wa zai zarce zuwa zubar jini da kumburi. Shi yasa labarin Yaya ya fi min nauyi a kan na Baba, don wanda ake wa allura an riga an tabbatar nasa ya yi nisa.

Nawa ne rabon gado a ciki? Lissafin ya sha bamban. A Finlan an samu kusan kashi 52 cikin 100 a mataki mai tsanani, wani bincike a Amurka ya samu wajen kashi 25 zuwa 27, a kabilar Pima ta Arizona kashi 18. Kar ka karanta wannan a matsayin kai kana da kashi 52 na makancewa, ba haka ake nufi ba sam. Ana nufin in ka dubi bambancin da ke tsakanin jama'a, wani ya samu wani bai samu ba, to kusan rubu'i zuwa rabin bambancin daga jini yake. Sauran kuma daga suga ne da hawan jini da dadewar ciwo da sauransu. Kuma ni kullum ina cewa a gida ba jini kadai ake gada ba, har tukunya ake gada. Gidan da aka saba malmala uku da daddare a kwanta, shayi sai an ji suga ya kama harshe, ba a zuwa asibiti sai an kasa tashi, to 'ya'yan gidan zasu yi kama da juna a ciwo ko da kwayoyin halittarsu basu ce komai ba.

Gwajin da ka tambaya kuwa, babu shi. In wani dakin gwaji ko wani a intanet ya ce ka turo yawu ko jini ka biya dubu kaza zai gaya maka ko suga zai makantar da kai, rike kudinka. An fi shekara talatin ana nema. An zargi kwayar halittar VEGF din kanta, an zargi wata mai suna AKR1B1 da ke juya suga ya koma wani abu da ke taruwa a cikin kwayoyin jiki, har magani aka hada don toshe ta aka gwada bai hana ciwon idon ba, an zargi ta EPO, an zargi ta ACE. A 2015 'yan Ostireliya suka nuna wani wuri kusa da GRB2. Matsalar ita ce abinda aka gani a Turawa sai a nema a 'yan Caina a rasa, na 'yan Caina a nema a bakar fata a rasa. Ba kwaya daya bace mai karfi, daruruwa ne kanana kowacce da dan abinda take karawa, kamar buhun albasa ne, ba guda daya ce ta sa shi nauyi ba.

Wani abin da zai baka sha'awa, har da jinin mutanen Legas a wannan nema. Akwai binciken da ake kira AADM karkashin Farfesa Charles Rotimi, dan Najeriya ne da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, sun dauki masu suga daga Legas da Ibadan da Enugu da Accra da Kumasi da Eldoret ta Kenya. A 2019 suka fitar da cewa wata kwaya mai suna WDR72 na da alaka da mataki mai tsanani a 'yan Afirka. Abu ne mai kyau don yawancin binciken kwayoyin halitta a kan Turawa aka yi shi, amma shima bai kai a ce ga gwaji a asibiti ba. A daya bangaren kuma akwai masu gadon kariya. Cibiyar Joslin da ke Boston tana bada lambar yabo ga wadanda suka shekara 50 da suga nau'i na daya, da aka duba su kusan kashi 40 cikin 100 abin bai taba kai musu mataki mai tsanani ba, kuma an gano idonsu na da yawan wani sinadari mai suna RBP3. Ina jin mai shayina a can ya kamata ya je ya karbi tasa lambar.

Yanzu mu dawo kan 6.8 dinka, a nan nake so ka nutsu.

HbA1c ba sugan da ke yawo a jini yake aunawa kai tsaye ba. Jajayen kwayoyin jini suna rayuwa kamar kwana 120, duk tsawon lokacin suga na manne musu kadan kadan, gwajin sai ya auna yawan wanda ya manne, shi yasa ake cewa yana bada labarin wata uku. Mai 6.8 matsakaicin sugansa dare da rana bai kamata ya wuce wajen 150 ba. Kai kuma kafin ka sa komai a baki kana 180 zuwa 200, ina ga bayan ka zauna wajen mai shayi an yanko maka burodin Agege an hada da kauri? Lissafin bai hadu ba. Ko dai na'urarka ce ke karya, don 'yan tsinkayen gwajin nan in sun wuce wa'adi ko sun sha zafi da danshin Legas a aljihun mota suna shirme, ko dakin gwajin ne, ko kuma jininka ne ke yaudarar gwajin.

Akwai wani gado da ya yi yawa sosai a cikinmu 'yan Afirka ta Yamma, karancin sinadarin G6PD. Ya yadu ne don yana bada dan kariya daga zazzabin cizon sauro, kamar dai yadda AS take. Mai shi lafiyarsa kalau, yawanci bai ma san yana da shi ba, sai dai jajayen kwayoyin jininsa basa kai kwana 120 din nan, suna mutuwa da wuri, suga bai samu lokacin manne musu sosai ba, sai gwaji ya fito kasa da gaskiya. A 2017 wani babban bincike ya nuna a namiji mai wannan gadon HbA1c na sauka da wajen 0.8. Kaga kenan mai 6.8 a takarda zai iya zama 7.6 a zahiri. Likita ya duba ya ce madalla Alhaji ci gaba da abinda kake, ba a kara magani ba, shekara da shekaru suga na cin ido a boye. A 2024 aka buga a mujallar Nature Medicine cewa bakaken fata masu wannan gadon sun fi samun ciwon idon suga, kuma bayanin da suka bayar shine wannan din, ba wai G6PD ce ke lalata ido da kanta ba, gwaji ne ke rufa wa suga asiri. A ganina a duk kwayoyin halittar da na lissafa maka wannan ce kadai yau dinnan za ka iya gwadawa a Legas kuma sakamakon ya canza yadda ake kula da kai.

Kuma ga abin mamaki, kai kana ta kallon bangaren Baba, shi kuwa wannan karancin G6PD din, namiji daga wajen uwa yake gadonsa, don a kan kwayar halittar X yake, wadda namiji ke samu daga uwa. Ka tambayi Hajiya in tana raye ko manyan yayyenka mata, akwai wanda ya yi shawara mai tsanani yana jariri a gidanku ko a cikin kawunnanka? Ka taba shan magani irin Septrin ko wani maganin zazzabi fitsarinka ya koma kalar Coke? Ko an taba cewa kar a sa wa jariran gidanku kafur a kaya? In eh ne to ka gaya wa likitanka. Ko a'a ne ma ka nemi a gwada, ba wani tsada can ba.

Haka nau'in jini. Kusan mutum daya cikin hudu a Najeriya AS ne, kuma wasu injinan HbA1c basa karanta jinin AS ko AC daidai. Mai SC kuwa ko babu suga sikilar kanta na tsiro mai da irin wadannan miyagun jijiyoyi a bayan ido, in sun hadu da suga aiki ya karu. In aka samu dayan wadannan, sai a rage dogaro da HbA1c, a koma awon yatsa a lokuta daban-daban, kafin karyawa da awa biyu bayan cin abinci, ko a yi wani gwaji da ake kira furuktosamin mai bada labarin sati biyu zuwa uku wanda shi babu ruwansa da jajayen kwayoyi.

Akwai wasu nau'o'in suga da gadonsu kai tsaye ne amma ba kasafai ba, akwai wanda ke bi ta uwa kadai ya zo tare da kurumta, akwai ciwon Wolfram da ke kama yara ya busar da jijiyar gani wanda aka fi gani inda ake auren zumunci. Labarinka bai yi kama da su ba, na ambata ne kawai don kar ka ji a wani wuri ka tsorata.

Maganar Baba kuma. Wa ya duba bayan idonsa ya ce suga ne? Ina tambaya ne don a wajenmu in mai suga ya makance sai kowa ya ce ai sugan ne. A binciken makanta na kasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007, yanar ido ce ta dauki kashi 43 cikin 100 na makanta a Najeriya, hawan jinin ido wato gilakoma ya dauki kusan kashi 17. Yanar ido dai ana cire ta a gani, kuma suga na sa ta zo da wuri. Gilakoma kuwa tana bin gida fiye da ciwon idon suga ma, tana kama bakar fata da wuri, kuma ita abinda ta ci ya ciwu. Don haka in ka je a auna maka karfin ruwan ido a duba jijiyar gani gaba daya, kar a tsaya kan suga kadai.

Ance kyan da ya gaji ubansa, amma banda a nan, kuma akwai hujja. A DCCT dinnan dai da ya nuna gado, wadanda aka matsa wa sugansu ya sauka sosai hadarin fara ciwon idon ya ragu da kashi 76 cikin 100, wadanda ya riga ya fara musu ci gabansa ya ragu da kashi 54. Kuma da aka ci gaba da binsu shekaru bayan an gama, amfanin bai gushe ba, kamar jiki na rike abinda aka yi mai a shekarun farko, kai kuwa shekararka uku kacal, yanzu ne lokacin. A Birtaniya binciken UKPDS kan masu nau'i na biyu ya nuna saukar da hawan jini kadai ya rage ci gaban ciwon idon da kusan kashi daya cikin uku. Baka ce min komai kan hawan jininka ba, ka auna, don shima gado ne kuma da yawa a gidajen da suga ke makantarwa shi ne abokin tafiyar da ba a kula da shi ba. A duba maka fitsari ma ko koda ta fara yoyo, ido da koda tare suke tafiya.

Kar ka jira wai sai ka ga alama. A UKPDS din sama da mutum daya cikin uku ranar da aka fara gano suna da suga an riga an samu tabo a idonsu, don ciwon kan shekara da shekaru a jiki kafin a sani. Ka'ida ita ce mai nau'i na biyu a duba bayan idonsa tun ranar da aka gano, sannan duk shekara, kai ka riga ka ci bashin uku. Kuma ba gwajin gilashi nake nufi ba, wanda za a ce karanta wancan layin a sayar maka da tabarau, a'a, sai an diga magani ido ya bude an leka ciki ko an dauki hoton ratina. Daga Agege LASUTH da ke Ikeja ta fi maka kusa, akwai kuma cibiyar ido ta Guinness a LUTH Idi-Araba, da asibitocin ido masu zaman kansu. Ka fara duba idon kafin a kara maka magani da karfi, don in akwai tabo sosai aka fado da suga lokaci daya ido kan dan kara rikicewa na wani lokaci, gara a san inda aka tsaya a bi a hankali. In an samu tabo ka tambayi likitanka batun kwayar fenofibrate, ta rage kitse ce amma an ga tana rage saurin ci gaban abin.

Kannenka da yayyenka duk su je a gwada musu suga ko basa jin komai, kuma duk wata 'yar uwarka mai suga da ta samu juna biyu a duba idonta tun farkon ciki, don ciki na hanzarta shi. In ka wayi gari ka ga bakaken zare-zare na yawo kamar yanar gizo-gizo, ko layin kofa ya lankwashe, ko kamar an saki labule ta gefe daya, ranar ba ranar kasuwa bace, ka bar wa yara rumfa ka tafi asibiti.

Ranar da zaka je kar ka tuka mota, maganin da ake digawa yana sa gani ya yi hazo awa hudu zuwa shida kuma rana zata dame ka, ka tafi da bakin gilashi da yaro daya da zai rike maka hannu wajen tsallaka titi. Ka dauki na'urarka da tsinkayenta a gwada ta da ta asibiti, ka dauki takardar 6.8 din, sannan ka kira Yaya ya dauko hoton katinsa na asibiti ya turo maka ta WhatsApp, likitan zai so ya ga ainihin abinda aka rubuta mai da shekarar da abin ya fara.